Wa Zai Ce Jirgi Ya Cika?

Kakar zaɓen ƙungiyar ɗalibai ta sake zagayowa, kuma babu bangon da ya tsira daga fosta. Wannan ya tallafe haɓa da hannu, wancan ya sha babbar riga ta aro, kowa da "Kwamared" a gaban sunansa, wasu har da "Ambasada", ko na wace ƙasa oho. Neman kujera ba laifi ba ne, ni ma ina da wanda zan dangwala wa. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da kalmar shugabanci ta zama hoto da lasifika da zama a layin gaba ranar taro. Ni ɗan masarautar Yauri ne, daga ɓangaren Ngaski, kuma a wajenmu akwai wani irin shugabanci da idan aka rasa shi ba suna ake ɓatawa ba, gawa ake tsamowa daga ruwa. A kansa nake son mu ɗan yi magana, 'yan uwana ɗalibai.

Ga waɗanda ba su san yankin ba, masarautar Yauri ƙananan hukumomi uku ce a kudancin Jihar Kebbi: Yauri da Ngaski da Shanga. Kogin Kwara ne ya ratsa mu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kogin ya kumbura ya zama tafki, ya cinye gonaki da gungunan da Gungawa suka zauna a kai tun kaka da kakanni, ya cinye tsohon garin Bussa ɗungurungum. Kimanin mutum 44,000 aka tasa aka sake wa matsuguni. Ba duk itatuwan da ruwan ya ci aka sare ba, har yau kututturansu na nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma a ƙarshen rani idan tafkin ya ja baya sukan matso kusa da sama, daidai inda cikin jirgi zai goga. Amma duk da haka ruwan nan shi ne titinmu. Ta kansa albasar Yauri da busasshen kifi da shinkafa ke zuwa kasuwa, ta kansa ake kai amarya, ta kansa ake kai mara lafiya asibiti. Tafiyar da za ta cinye maka yini a mota, ga ramuka ga fargabar 'yan bindiga, jirgi zai yi ta cikin sa'o'i kaɗan.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya rabe biyu a kusa da Warrah, hedikwatar Ngaski. Fiye da mutum 150 ne a ciki, har da mata da yara, ga babura, ga buhuna. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kwana da kwanaki masu ninƙaya da masunta suna tsamo gawarwaki. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, sun ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A Oktoban 2023 kuma wani jirgin da ya taso daga ɓangaren Agwara zuwa kasuwar Yauri ya kife da mutane. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Mun yarda da ƙaddara, kuma babu rai da zai wuce ranarsa. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Ku tsaya ku yi tunanin tashar jirgi kafin a tashi. Mutane nawa ne ke tsaye a wurin? Akwai mai jirgi, akwai direba, akwai ɗan kamasho mai karɓar kuɗi, akwai dattawan tasha, akwai fasinjojin kansu, waɗanda da yawansu a bakin ruwa aka haife su, sun fi kowane injiniya sanin yadda jirgi ke zama idan ya ƙoshi. Kowa na gani ruwa ya kusa taɓa baki. Abin da ake buƙata a wannan lokacin mutum ɗaya ne kawai da zai buɗe baki ya ce: "Jirgin nan ya cika, babu wanda zai ƙara shiga."

Magana ce gajera, amma wanda bai san tasha ba ba zai gane nauyinta ba. Wanda za ka hana shiga ba baƙo ba ne. Gwaggonka ce da kwandon kifinta wanda idan bai isa kasuwa yau ba ya lalace. Abokin babanka ne. Mai jirgin kuma yana lissafin man da ya zuba, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowane mutum ɗaya da ya bari a gaɓa asara ce a aljihunsa. Za a ce maka kai ne Allah? Za a ce boko ya ɓata ka. Za a ce shekara talatin muna hawa haka ba abin da ya faru. Kuma abin da ya fi ciwo, idan ka yi nasara aka rage lodi jirgi ya isa lafiya, babu wanda zai gode maka, domin babu wanda ya ga hatsarin da bai faru ba. Sai dai a tuna ka a matsayin yaron nan mai taurin kai da ya sa Gwaggo ta rasa kasuwa.

To ni a wurina wannan shi ne shugabanci, kuma da wannan ma'auni nake auna duk mai neman ƙuri'ata. Ba na tambayar ɗan takara ko zai iya tsayawa gaban hukumar makaranta ya yi ihu, wannan kowa zai iya idan akwai taro a bayansa yana tafi. Ina tambaya ne: zai iya juyowa ya kalli mutanensa, 'yan garinsu da 'yan ajinsu da waɗanda suka yi masa kamfen, ya ce musu a'a? Zai iya gaya wa abokinsa cewa kuɗin ƙungiya ba na raba wa 'yan kwamiti ba ne? Ɗaki mai gado huɗu da aka cusa wa mutum goma, motar balaguron ɗalibai mai kujera goma sha takwas da ake danna wa ashirin da biyar a kama hanyar dare, duk jirgi ne da ya cika.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya: wannan aikin gwamnati ne. Haka ne. Dokokin NIWA sun hana lodin da ya wuce kima, sun hana tafiyar dare, sun wajabta rigar kariya. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwansu, ta raba rigunan kariya a garuruwan bakin ruwa. Kuma abin kunya ne a ce tafkin da ke ba ƙasa wuta fiye da shekara hamsin yana kewaye da ƙauyukan da ke kwana a duhu, ba titin kirki, ba jiragen zamani. Wannan bashi ne a wuyan gwamnati, kada mu daina tambayarsa. Sai dai tashoshin jirgi a bakin tafkin nan ba su ƙirguwa, kowace tunga da tata. Babu ranar da za a samu jami'i a kowacce. Rigar kariya kuwa na sha ganin an mayar da ita matashin kai ko abin zama, domin wai sanya ta alamar tsoro ce. Doka takan tsaya a Abuja ko Birnin Kebbi, mai ƙarasa da ita bakin ruwa ɗan gari ne.

An taɓa gwada wannan a tafkin namu. A shekarun 1990 an yi wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus kan kamun kifi a Kainji, tare da cibiyar binciken kifi da ke New Bussa. Ɗaya daga cikin matsalolin da suka tarar ita ce dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja daga gaɓa, wanda ba ya barin komai, har 'ya'yan giwan ruwa da karfasa da ba su kai yatsa ba. Aka haramta ta. Amma masu shirin sun gane cewa takarda kaɗai ba za ta hana masunci jan tarunsa ba, dole sai da aka shigo da sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin. Sarkin ruwan da ya hana dala, ɗan uwansa yake hanawa cin abincin yau saboda kifin baɗi. Wanda bai taɓa zama a ƙauye ba ba zai san irin gabar da wannan ke jawowa ba.

Ga wani labari daga nesa da nake ganin ya shafe mu 'yan kwalejin fasaha kai tsaye. A Ingila ta ƙarni na 19, masu jiragen teku sukan yi wa ruɓaɓɓun jirage lodi fiye da kima, su yi musu inshora, idan sun nutse da ma'aikata su karɓi kuɗinsu. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya ɗauki shekaru yana faɗa da su, har a 1875 ya fusata a zauren majalisa ya zazzagi abokan aikinsa, aka tilasta masa neman afuwa. A 1876 aka yi dokar da ta ce kowane jirgi sai an zana masa layi a jikinsa, idan ruwa ya rufe layin to lodi ya wuce. Abin dariya, da farko mai jirgi ne ke zaɓar inda zai zana layinsa, sai a 1890 hukuma ta karɓi ikon tsayar da wurin. Har yau duk babban jirgin da ya shigo Legas yana ɗauke da wannan alama.

Ku lura da amfanin layin nan. Yana sauke nauyi daga wuyan mutum ɗaya. Ba sai yaro ya yi gardama da dattijo ba, ba sai an ce wane ya cika iyayi ba. Fenti ne ke magana, kowa na gani, har wanda bai taɓa shiga aji ba. Kuma lissafin inda ya kamata layin ya zauna a jikin jirgin katako ba sihiri ba ne. Tsawo da faɗi da zurfi ne, da ƙa'idar Arkimidis da aka koya mana tun sakandare, sai kuma ilimin masassaƙin jirgin da direbansa, waɗanda suka san yadda igiyar ruwa ke tashi idan iska ta juya. Ɗalibin injiniya tare da malaminsa za su iya zama da su a fitar da wani abu. Ɗalibin ƙididdiga zai iya tsara littafin rubuta sunayen fasinja, domin a hatsarin Warrah ko adadin waɗanda ke cikin jirgin ba a samu daidaito a kansa ba, wani rahoto ya ce 160, wani ya ce 180. Tsakanin lambobin nan biyu akwai mutum ashirin, kowanne da uwarsa. Ɗalibin aikin jarida zai iya haɗa saƙon murya da Hausa da Gunganci da Kambarci a tura ta WhatsApp.

Wannan ya kawo ni kan wani ciwo da muke ɓoyewa. Da yawanmu mun shigo nan ne da karyayyar zuciya, jami'a muka nema ba mu samu ba. Kullum zancen bambancin HND da digiri, kullum tambayar bayan bautar ƙasa sai me. Mutum ya yi shekara huɗu ko biyar yana jin kamar a ɗakin jira yake. Ina ganin rabin haukar neman muƙami a cikinmu daga nan ta fito, mutum na son wani abu da zai nuna masa cewa shi ma wani ne. Ban raina wannan ƙishirwa ba, nima ina jin ta. Amma satifiket ɗin karramawa da ka saya da kuɗinka a daren liyafa ba ya kashe ta. Aikin kammala karatu nawa muke kwafowa daga na 'yan shekarun baya, a ɗaure shi da bango mai kyau, ya tafi ya kwanta a kabad ƙura ta ci? Alhali ga tambayoyi na gaske a gida babu mai amsa su: yadda za a adana albasa kada ta ruɓe kafin farashi ya tashi, yadda za a ƙera murhun banda kifi da ba ya cin itace da yawa, yadda za a yi wa wuraren kututture alama mai iyo da jarkoki.

Kuma ba sai an ba ka kujera ba. Kwana 22 kacal bayan hatsarin Warrah, ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai. An sako wasu kashi-kashi, 'yan mata goma sha ɗaya suka rage a daji, duniya ta juya ga wasu labaran. Iyayensu ne suka haɗa kwamiti, suka yi ta bin kafafen labarai da ƙofofin masu hali, ba su bari an manta ba, har 'ya'yan suka dawo a 2023. Babu wanda ya rantsar da su, babu wanda ya buga musu fosta.

Shawarata ga ƙungiyoyin ɗalibai 'yan Yauri da Ngaski da Shanga, da ma na Agwara da Borgu da muke shan ruwa ɗaya, ita ce a bana a rage kuɗin kalanda da na liyafa. A hutun ƙarshen zango a zaɓi tasha ɗaya tak, ba goma ba. Kada a je da riga mai tambari da kyamara, dattawan bakin ruwa sun gaji da masu zuwa ɗaukar hoto. A fara da gaisuwa wajen hakimi da sarkin ruwa da shugabannin masu jirage, a sanar da ofishin NIWA, a zauna a ji ta bakinsu tukuna, domin akwai abin da suka sani wanda babu shi a kowane littafi. Wataƙila mai jirgi ɗaya ne cikin goma zai yarda a auna nasa a shafa masa layi. A fara da shi. Lokacin Rigata, da jama'a ke cika bakin ruwa a Yauri don kallon tseren jirage, a roƙi masu shirya bikin su bari jirginsa ya wuce gaban mutane da layinsa a fili, fasinjojinsa sanye da rigunan kariya. Galan ɗin fenti da buroshi da littafin rajista guda biyu, ko an haɗa da kuɗin mota zuwa Warrah da dawowa, ba za su kai abin da ɗan takara ɗaya ya kashe kan fosta a makon nan ba.