Garaɓasar intanet da wuƙar kicin: mai tsada tana cin kuɗinta kuwa? (Zare)

1/ Yau maganar wuƙar kicin zan yi. Tun jiya ake turo min hoton wani saitin wuƙaƙe da aka zaftare wa kuɗi a intanet, ana tambayata, "Anti, in saya?" Toh ku gyara zama. Ni na riga ku faɗawa ramin, kuma na ji a jikina.

2/ Ga waɗanda ba su san ni ba, shekara 8 ke nan ina girkin biki da suna. Ranar da oda ta yi yawa, ni da yarana sai mu yanka kwandon albasa da kabeji 20 kafin azahar. Wuƙa kayan sana'ata ce, kamar allura a wajen tela.

3/ Bara ne, bikin ƙanwata ya matso, ina haɗa mata kayan kicin. Wajen ƙarfe ɗayan dare barci ya ƙi zuwa, ina ta latsa waya. Sai ga shi a wata manhaja: wuƙa shida baƙaƙe masu sheƙi, da almakashi, da abin fere dankali. An soke ₦85,000, an rubuta ₦19,500.

4/ A ƙasa ga agogo yana gudu, wai saura minti 40. A gefe an rubuta da ja: saura guda 3. Wallahi gabana har faɗuwa yake. Na ce wannan ai tsuntuwa ce. Na sayi biyu, ɗaya na amarya, ɗaya nawa. ₦39,000 ta tafi, ban da kuɗin kawowa.

5/ Da safe na buɗe manhajar. Agogon ya koma farko. Bayan sati biyu na sake leƙawa, har yanzu saura guda 3 😭 Ashe ba kayan ne ke ƙarewa ba, haƙurina aka auna.

6/ Kaya suka iso a kwali mai kyau kam. Sati ɗaya da fara aiki da nawa, baƙin fentin ya fara ɓarewa yana bin kabeji. Babbar ta lanƙwashe a kan kabewa. Ƙotar ƙaramar ta fara rawa, na duba, ashe ƙarfen bai fi tsawon yatsa ya shiga cikinta ba. Na ɓoye na amarya don kunya.

7/ Bari mu fara da kasuwar kafin wuƙar. Wannan salon na garaɓasar kwana ɗaya ya daɗe. A 2004 wani shafi a Amurka mai suna Woot ya fara sayar da kaya ɗaya tal a kowace rana, in ya ƙare shi ke nan. Groupon ya zo a 2008. Amazon ya saye Woot a 2010.

8/ A nan gida, Jumia da Konga sun buɗe a 2012, suka koya mana Black Friday, wadda asalinta a Amurka kwana ɗaya ce, mu kuwa kusan duk watan Nuwamba ake yi. AliExpress na da 11 ga Nuwamba. Temu ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024. Yanzu kowace rana ranar rangwame ce.

9/ In kowace rana rangwame ce, toh yaushe ake sayarwa a ainihin farashi? Nan ne gizo ke saƙar. Kuɗin da aka soke da layi, sau da yawa ba wanda ya taɓa biyansa. An rubuta shi ne don idonki ya fara sauka a kan ₦85,000, sai ₦19,500 ta zama kamar kyauta.

10/ Abin ya dami Turawa har suka yi masa doka. Tun Mayun 2022, a ƙasashen Tarayyar Turai duk wanda ya ce ya rage kuɗin kaya, dole ya nuna mafi ƙarancin farashin da ya sayar da shi a kwana 30 da suka wuce. Ka ga ba damar ƙara kuɗi yau ka ce ka rage gobe.

11/ Mu ma muna da dokar kare masu saye ta 2018, da hukumar FCCPC, kuma dokar ta hana yaudara a talla. Amma tsakani da Allah, mutum nawa ne za su kai ƙara a kan ₦19,500? Sai dai a ce Allah ya isa a wuce. Da wannan shirun namu ake cin riba.

12/ Kar a ce na yi wa intanet kuɗin goro. Akwai rangwamen gaske. Na taɓa samun na'urar markaɗe da sauƙi sosai, saboda na san kamfanin, na san kuɗinta a kasuwa, kuma dama ina nemanta. Garaɓasa tana amfanar wanda ya san abin da yake nema kafin ya buɗe waya.

13/ Yanzu wuƙa. In ka ba da kuɗi mai yawa, me kake saya? Abu uku: irin ƙarfen, yadda aka gasa shi ya yi tauri, da yadda aka haɗa shi da ƙota. Sauran duk ado ne da suna.

14/ Ƙarfen da ba ya tsatsa sai yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kabon kuma shi ke sa tauri. Ana auna taurin da ma'aunin Rockwell, za ku ga an rubuta HRC. Kamfanin kirki yana faɗin sunan ƙarfensa da lambarsa. Wanda ya yi shiru, akwai dalili.

15/ Wuƙaƙen Jamus na garin Solingen, irin su Wüsthof (tun 1814) da Zwilling (tun 1731), yawanci suna tsakanin 56 da 58. Za ku ga X50CrMoV15 a jikin da yawansu, wato kabon wajen kashi 0.5, kuromiyam wajen 15. Suna jure wahala, kuma wasa su ba wuya.

16/ Na Japan, daga garuruwa irin su Seki da Sakai, sukan kai 60 ko su haura. Sirara ne, kaifi kamar aska, kuma kaifin yana daɗewa. Amma ƙarfe in ya yi tauri da yawa ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake. Ka sara ƙashi da ita sau ɗaya, sai ka ga baki ya yi giɓi.

17/ Toh mu me muke yankawa? Ƙashin rago, ƙafar sa, ganda, kazar da ta daskare a firiza, busasshen kifi, doya, kabewa. An ƙera waccan wuƙar ne don mai yanka ɗanyen kifi siriri-siriri a kan katako mai laushi. A kicin ɗinmu sai ta ga ta kanta.

18/ Sai maganar kuɗi. Babbar Wüsthof Classic mai inci 8 tana haura dala 150 a Amurka. In ka lissafa dala a ₦1,500, ₦225,000 ke nan, kafin kuɗin jirgi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 ₦70,000 ne. Albashin wata uku da ɗoriya a kan wuƙa ɗaya fa.

19/ Victorinox ta Suwizalan, mai baƙar ƙotar roba da ake kira Fibrox, wajen dala 50 take. Ba ta da kyan gani, amma ita ce ke hannun masu girki da mahauta da yawa a Turai da Amurka. Tumatir ba ya gane bambancin dala 50 da dala 150.

20/ Ƙasa da ita akwai Tramontina ta Birazil da Kiwi ta Tailan. Kiwi ƙarfenta mai laushi ne, tana saurin dakushewa, amma siririya ce, goga biyu-uku a dutse ta dawo. Araha ce wadda ba ta yi maka ƙarya ba. Ita ce nake ba yarana ranar yankan albasa.

21/ A kula da waɗanda ake tallatawa da sunan Damascus, masu zane kamar igiyar ruwa. Ta gaske, ƙarfe ne hawa-hawa da aka ninke. Da yawan masu arha kuwa zana musu aka yi a sama kawai. Ko ta gasken ma, zanen ba shi ke yanka ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

22/ Wanda ya buɗe min ido shi ne mahaucin da nake sayen nama a wajensa. Dattijo ne. Na kai masa babbar wuƙar nan da ta lanƙwashe, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, wannan ai gwangwani ne aka yi wa kwalliya."

23/ Na ce, "Baba, taka fa a ina ka saya?" Ya ce maƙeri ne ya ƙera masa da tsohon ƙarfen sifirin mota, ya ɗaura mata ƙotar itace. Ya fi shekara 10 da ita, har ta rame don wasawa. Ya ce, "Ki lura da hannuna, sau nawa nake goga ta kafin in gama da cinya ɗaya?"

24/ Na tsaya na ƙirga. Sau huɗu. Nan na gane abin da talla ba ta faɗa. Duk wuƙar duniya tana dakushewa, har ta dala 300. Mai tsada tana jinkirta ranar ne kawai. Ku dubi masu kilishi yadda suke shimfiɗa nama kamar takarda. Hannu ne da dutse.

25/ Ita ma ta maƙera tana da nata aibin. Baƙin ƙarfe ne, in ka bar ta da ruwa sai tsatsa, kuma takan sa albasa ta yi duhu. Tana son a wanke, a goge, a ɗan shafa mata mai. Amma a kan nama da fiɗa ranar layya, ban ga wadda ta fi ta a kuɗinta ba.

26/ Na san wata za ta ce, "Anti, ai sayen nagari mayar da kuɗi gida." Gaskiya ne, na yarda. Daga gwangwani zuwa wuƙar kirki, kowace naira tana aiki. Daga wuƙar kirki zuwa ta ƙasaita, abin da ke ƙaruwa kaɗan ne, kuma sai ƙwararren hannu ke jinsa.

27/ Wa ya kamata ya sayi mai tsada? Wanda ke yanka awa huɗu, biyar a rana, daɗin riƙo yana rage masa ciwon hannu. Wanda ya iya wasawa. Da wanda Allah ya hore wa, yana so don sha'awa. Wannan ba laifi, kuɗinsa ne. Ya dai kira ta sha'awa, kar ya ce dole ce.

28/ Sannan ku tuna gidajenmu 😂 Wuƙar nan da ita za a buɗe gwangwanin tumatir. Da ita Abba zai ɗaure sukurun soket. Yara su fere rake. Ranar Babbar Sallah maƙwabta su aiko aro, ta dawo bayan kwana uku, in ta dawo. Wa zai iya kwana da ₦225,000 a wannan hali?

29/ Abin da gida ke buƙata: babbar wuƙa ɗaya mai tsawon wajen santimita 20, ƙarama ɗaya ta fere da kuɓewa, sai adda ko ɗan gatari na ƙashi. Shi ke nan. A saitin shida, huɗu zaman kashe wando suke yi a cikin katakonsu.

30/ Sai dutsen wasa wuƙa. In mai lamba ne, 1000 ya isa. A jiƙa shi, a kwantar da bakin wuƙar kaɗan, wajen digiri 15 zuwa 20, a goga kowane gefe daidai. In ba dutse, juya kofin tangaran, zoben gindinsa mara santsi yana ɗan tayar da kaifi.

31/ A daina yanka a kan tayil, tire ko farantin tangaran, su ke kashe baki. A nemi katako. Masu yanka albasa a tafin hannu, na san mun saba, amma dakusasshiyar wuƙa ita ke sa a danna da ƙarfi ta zame. In kin wasa sabuwa, ki koma katako, kar garin gyaran gira a rasa ido.

32/ In dai a intanet za a saya: ɗauki hoton farashin, ka bar shi kwana uku. In agogon ya sake farawa, ka samu amsa. Karanta ra'ayin masu tauraro ɗaya da biyu, musamman masu hoto. Duba sunan ƙarfe. Haɗa kuɗin kawowa. Tambayi ko ana karɓar kaya in an mayar.

33/ Ka duba ko ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe, da ƙusoshi a jiki, ko kuma ƙotar roba ce da aka zuba ta kama gam. In ka ga Wüsthof a ₦12,000, jabu ce, ba sai an yi istihara ba. In da hali, je kasuwa ka riƙe ta a hannu kafin ka biya.

34/ Iyaye masu haɗa kayan amarya, ku nake ji. Abubuwa sun yi tsada, ga bashi. Saitin nan ranar jere kawai yake aiki, a gani a ce masha Allah. Bayan wata biyu yarinya tana sara tumatir kamar mai faskare. Ku saya mata abin da zai yi girki.

35/ Ƙanwata dai daga baya na je kasuwa da ƙafata, na saya mata babba ɗaya, ƙarama ɗaya, katako da dutse, Baba mahauci ya sa aka ƙera mata ta nama. Duka bai kai ₦39,000 ɗin da na zubar ba. Har yau da su take aiki. Wancan saitin yana saman kabad yana ado.

36/ Toh wanda ya turo min hoton jiya, ga amsarka: kar ka saya, agogon zai dawo gobe. Ku kuma ku faɗa min, wace wuƙa ce ta fi daɗewa a gidanku, kuma a ina aka samo ta? Allah ya sa albarka a abin da muke nema, ya raba mu da sayen ƙarfe ɗayan dare 🤲🏾