Filin Jirgin Saman Sabha da Gaskiyar Lokaci

Wanda ya taso daga Murzuk ko Ubari tun da asuba domin ya tarar da jirgi a Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, babu abin da yake bukata kamar a gaya masa gaskiyar lokaci. Rikici ya rufe filin jirgin garin a Janairun 2014, jiragen fasinja ba su dawo sosai ba sai a Agustan 2019. Filin da ya sha irin wannan wahala bai kamata ya riƙa tafiyar da aikinsa bisa ƙiyasi ba.

Yawancin jiragen fasinja na yanzu suna ɗauke da na'urar ADS-B, wadda ke shelar inda jirgi yake, da nisansa daga ƙasa, da saurinsa, kusan kowace daƙiƙa. Ƙaramar eriya da kwamfuta mai araha sun isa su kama wannan shela. Da irinsu ne Flightradar24 ke tattara yawancin bayanansa. Ke nan tun jirgi yana hanya daga Tarabulus ko Bangazi ana iya sanin lokacin saukarsa.

Amfanin wannan sani a ƙasa yake. Direban motar mai, da masu tura matakala, da masu sauke kaya, da jami'an tsaro, duk lokaci guda ya kamata su riƙe. Idan kowa da nasa, jirgi zai sauka ya tsaya jiran mutanen da tun farko shi suke jira. A Sabha kuwa jinkiri yana da tsada ta musamman: da bazara zafi kan haura digiri 40, iska mai zafi ba ta ɗaga jirgi kamar mai sanyi, don haka tashin safe da ya zame zuwa azahar na iya tilasta rage kaya. Ga kuma guguwar gibli mai turnuƙe sararin sama da ƙura.

Filin jirgin Munik a Jamus ya kafa tsarin raba irin waɗannan bayanai tsakanin sassansa tun 2007. Sabha ba ta da cunkoson Munik, allo ɗaya a ofishin ma'aikata da wani a zauren fasinjoji sun wadatar.

Akwai masu cewa filin da sojoji ma ke amfani da shi bai dace ya baje bayanansa ba. Hujjar tana da nauyi game da jiragen soja. Jirgin fasinja kuwa, duk mai waya a Kano ko Agadas yana kallon tafiyarsa a intanet, alhali mai tura matakala a Sabha yana iya kasancewa na ƙarshen ji.