Zufar Libreville Ba Ta Rufa Wa Fandeshin Asiri

A kasuwar Mont-Bouët, babbar kasuwar Libreville, teburan masu kayan kwalliya ba sa rabo da mata. Akwai 'yan ƙasa, akwai 'yan Kamaru da Benin da Mali, akwai kuma Hausawa: waɗansu haifaffun Oyem da Bitam ne a arewacin Gabon, inda kakanninsu suka zauna tun zamanin Turawa, waɗansu kuma aure ko fatauci ya kawo su daga Kano, Maraɗi ko Garwa. Yadda ake cinikin kusan iri ɗaya ne. Mace ta ɗauki kwalbar fandeshin, ta ɗiga a bayan hannu, ta duba a inuwar rumfa, sannan ta ce, "Malam, ba ka da wanda ya ɗan fi wannan haske?" Shi kuwa mai kaya ba zai musa ba, ciniki ya fito yi.

Tun daga nan kwalliyar ta lalace, kafin a kai ga madubi.

Libreville na bakin teku, ƙasa da kilomita 50 arewa da layin ikwaita. Ruwan saman da take samu a shekara ya kusa milimita 3,000, kusan ninki uku na Kano, kuma laimar iska kan wuce kashi 80 cikin 100 a mafi yawan watanni. Ban da ɗan sassaucin da ake samu daga Yuni zuwa Satumba, gari ne da zufa ba ta bushewa a jiki. A Kano kuwa, in hunturu ya kankama, laimar kan faɗo ƙasa da kashi 20. Saboda haka amaryar da aka kawo daga Kano da fandeshin mai kauri da maiƙo a cikin lefenta, wanda ya yi mata daidai a watan Janairu a gida, za ta ga yana narkewa a goshi da gefen hanci kafin a gama gaisawa da dangin miji. Laifin ba na kwalbar ba ne. An yi ta ne don wata iska daban.

Wanda ya san abin da ke cikin kwalbar ba ya shan wahalar zaɓe. Kusan duk fandeshin da launi huɗu ake haɗa shi: farin garin taitaniyom, sai ja da rawaya da baƙi, dukkansu daga dangin tsatsar ƙarfe da aka tace. A bayan kwalba ana rubuta su da lamba: CI 77891 shi ne farin, 77491 ja, 77492 rawaya, 77499 baƙi. Kamfanin da ke son sauƙi, in zai yi wa baƙar fata, sai ya ƙara baƙin kawai, abin ya fito kamar laka. In kuma farin ya yi yawa, fuska ta yi toka-toka. Wata masaniyar haɗa sinadarai a kamfanin L'Oréal, Balanda Atis, ita da abokan aikinta suka nuna cewa ƙara wani shuɗin launi, wanda ke ɗauke da lamba CI 77007, yana ba da duhu mai rai ba tare da ya kashe fuskar ba. A 2024 ma sai da wani kamfanin Amurka, Youthforia, ya sha suka bayan Golloria George, 'yar asalin Sudan ta Kudu da ke gwada kayan kwalliya a TikTok, ta nuna wa duniya cewa launinsa mafi duhu baƙin fenti ne zalla.

Dalili kuwa shi ne babu fatar da take baƙa ƙirin kawai. Ƙarƙashin kowace akwai ja, ko ruwan zuma, ko ɗan shuɗi-shuɗi, kuma mata biyu masu duhu ɗaya na iya buƙatar kwalba biyu daban. Bayan hannu ba ya faɗin gaskiya, don ya fi fuska shan rana da wanki. A kan muƙamuƙi ake gwadawa, layi uku kusa da juna, a gangaro da su zuwa wuya, a fita daga rumfa zuwa hasken rana, a jira kamar minti goma sha biyar. Jiran nan yana da amfani, domin fandeshin da yawa sukan ƙara duhu ko su koma ruwan lemo in sun bushe sun haɗu da maiƙon fuska. Layin da ya ɓace, aka kasa gane inda yake, shi ne na saye.

Sai batun firaima, wanda 'yan kasuwa suka mayar wajibi alhali ba haka yake ba. Aikinsa kamar na yaɓen farko ne a bango: ya cike 'yan ramuka, ya ba abin da zai biyo baya wurin kamawa. Mai fata lafiyayya, wadda ba ta cika maiƙo ko bushewa ba, man shafawa mara nauyi da man kariyar rana sun ishe ta. Wadda firaima ke yi wa rana a Libreville ita ce mai maiƙon fuska, kuma ita ma ba ta buƙatar ta mulke ko'ina. Goshi, karan hanci da haɓa, ɗan ƙanƙani, a danna da yatsa maimakon a goga, a bar shi ya zauna minti biyu ko uku. Ta nemi wanda aka rubuta wa "peaux grasses" ko "matifiant", tunda yawancin kayan da ke shiga Gabon da Faransanci aka yi musu rubutu, fandeshin ɗin ma ya zama mara maiƙo, mai ɗauke da "non comédogène", alamar an tsara shi don kada ya toshe ƙofofin fata. Sannan ta duba jerin sinadaran. In sunaye masu ƙarewa da "-cone" ko "-siloxane", wato silikon, ne a sahun gaba na firaima, ya fi zama lafiya da fandeshin irinsa. Haɗa shi da mai ruwa-ruwa sau da yawa shi ke sa kwalliya ta dinga murmushewa tana tashi ƙulli-ƙulli.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin masu yi wa amare kwalliya daga Legas har Kano, ta kuma tsallaka ƙasashen maƙwabta: shafa wa fuska Milk of Magnesia, farin maganin nan na ciki, a matsayin firaima. Yana shanye maiƙo, babu shakka, shi ya sa aka kama shi. Amma fatar mutum a ma'aunin pH tana wajen 5 ne, shi kuwa yana wajen 10. Maimaita shi kan rushe garkuwar fata, ya jawo bushewa, ƙaiƙayi da ƙuraje. An yi shi ne don hanji, kuma ranar buki guda ba ta kai a sayar da lafiyar fuska dominta ba.

Busasshiyar fata ba ta da yawan rigima a wannan gari, laimar iska na taimakonta, sai dai mai wuni a ofis ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Man shafawa mai gilisarin, fandeshin mai ɗan sheƙi, hoda kaɗan, shi ke nan. Mai fata biyu, maiƙo a tsakiya, bushewa a kumatu, ta bi kowane ɓangare da abin da yake so. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ta guji mai turare, ta gwada a bayan kunne kwana biyu kafin ta kai fuska. Dukkansu dai doka ɗaya ce a ƙasa mai zufa: shafi siriri, a ƙara a inda tabo yake kawai, a danna da jiƙaƙƙen soso. In zufa ta karyo, a dafa ta da tishu, kada a ƙara hoda a kan hoda. Farar hodar da ake zubawa a ƙarƙashin ido ita ce ke haska fuska fari fat in fitilar kyamara ta dalle ta.

Akwai kuma wani nau'in fata da ba a rubuta shi a jikin kowace kwalba, alhali ya cika gidajen buki: fatar da bilicin ya taɓa. Man da ke ɗauke da sinadarin clobetasol yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya fito da ƙuraje da nankarwa. Hydroquinone, in an daɗe ana shafawa, kan bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu, wanda yake da wuyar magani. Mafi muni ita ce zaiba, ruwan ƙarfen nan na cikin ma'aunin zafin jiki na da, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono. Irin wannan fuskar launinta uku ne ko huɗu, babu fandeshin ɗaya da zai dace da ita, sai a yi ta laftawa, ƙuraje na ƙaruwa, ana ƙara laftawa.

Gabon ta san girman matsalar. A Fabrairun 2023 ta shiga wani shiri na dala miliyan 14 tare da Jamaika da Siri Lanka, ƙarƙashin jagorancin Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, don kawar da mayukan bilicin masu zaiba. A wannan watan ne kuma shugabar hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta tsaya a Kano ta ce bilicin ya zama matsalar gaggawa ga lafiyar Najeriya, inda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna kashi 77 cikin 100 na mata na amfani da irin waɗannan kaya. A ƙarshen shekarar, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan zaiba suka amince a Janeba cewa bayan 2025 ba za a ƙara yarda da ƙera ko fataucin kayan kwalliyar da aka sa wa zaiba ba, komai ƙanƙantarta. Sannan a Janairun 2025 ministoci da jami'an ƙasashen Afirka suka taru a nan Libreville suka ɗauki alƙawarin aiwatar da hakan.

Wani zai ce me ya haɗa taron ministoci da kwalbar fandeshin? Son haske ne ya haɗa su. Macen da ke neman wanda ya ɗan fi fatarta haske, da wadda ke sayen haɗin bilicin da ba shi da suna a roba, abu ɗaya suke gudu. Fandeshin mai haske yana wanke da sabulu da dare, shi ya sa ake raina shi, amma shi ke saba wa ido da fuskar da ba ta mai ita ba, har ta fara ganin tata ta asali a matsayin aibi. Daga nan zuwa teburin mai haɗi ba nisa. Abin takaicin shi ne, fandeshin da ya dace da fata yana iya zama abokin mai son ta daina bilicin. Launukan nan na tsatsar ƙarfe suna tare hasken rana na zahiri, wanda bincike ya nuna yana ƙara wa baƙar fata tabo, abin da man kariyar rana mara launi ba ya yi sosai. Da ɗan jan-lemo a kan tabon, da shafi siriri a sama, mace na iya shiga mutane a watannin da fatarta ke komawa yadda Allah ya yi ta. Daina man kuwa, musamman mai clobetasol, sai da shawarar likitan fata.

Ba duka laifin ke kan mai saye ba. An yi shekaru aru-aru manyan kamfanoni ba su san da baƙar mace ba, sai da Eunice Johnson ta kafa Fashion Fair a 1973, Iman ta fito da nata a 1994, Black Up ya buɗe a Faris a 1999. Rihanna ta girgiza kasuwa a 2017 da launi 40 na Fenty Beauty, amma da kayan suka iso Afirka a Mayun 2022, ƙasashe takwas aka zaɓa, har da Najeriya da Ghana, babu Gabon, babu ko ɗaya daga ƙasashe masu magana da Faransanci. Inda na gaske ya yi wuya, jabu ke cika tebur. Kamfanonin Najeriya irin su House of Tara da Zaron, da suka san zufa da baƙar fata, sun cancanci 'yan kasuwarmu masu safara tsakanin Legas da Libreville su ba su wuri. Mai saye kuma ta duba hoton buɗaɗɗen gwangwanin da ke jikin kwalba: in an rubuta 12M, wata 12 ne wa'adinsa bayan buɗewa. Wanda ya rabu biyu ko ya sauya wari, bola ce makomarsa.

Ga matar da ke salla sau biyar akwai ƙarin lissafi. Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ke hana ruwa isa ga fata sai an gusar da shi kafin alwala ta inganta, kuma firaima mai silikon da fandeshin da ruwa ba ya wankewa an yi su ne takanas don su tare ruwa. Kwalliyar yau da kullum gara ta zama mai sauƙin wankewa, mai nauyin a bar wa ranar buki, a yi ta bayan alwala.

Nauyi mafi girma yana kan masu yi wa amare kwalliya, domin su 'yan mata ke kwaikwayo. Kowace ta tanadi launuka masu duhu a jakarta, ta wanke soso da burushi tsakanin fuska da fuska, ta daidaita fuskar amarya da wuyanta da ƙirjinta ko da ƙawaye sun matsa a ƙara haske. Wadda ta karɓi kuɗi ta mayar da 'yar mutane wata daban, har kakarta ta kasa gane ta a hoto, ba ta iya aikinta ba, kuma ya kamata uwar amarya ta faɗa mata haka kafin ta ba ta cikon kuɗinta.