Wa Ya Biya Bashin Soyayyar Almasy?

Masu cewa The English Patient ya cika tsawo ba su yi ƙarya ba. Minti 162 ba wasa ba ne, kuma kaso mai yawa mutum ne kwance a gado, wuta ta cinye masa fuska, numfashi ma da ƙyar. Duk da haka ina ganin kyaututtukan Oscar tara da fim ɗin ya kwashe ya cancance su, ko da yake dalilina ya sha bamban da na yawancin masoyansa.

Anthony Minghella ne ya ba da umarninsa a 1996, daga littafin Michael Ondaatje na 1992. Ana gab da gama Yaƙin Duniya na Biyu a Italiya, wata nas 'yar Kanada mai suna Hana ta yada zango a wani tsohon gidan ibada da bom ya farfasa, tana jinyar majiyyacin da ya ce ya manta sunansa. Saboda Turancin bakinsa ake ɗaukarsa ɗan Ingila. Ashe Laszlo Almasy ne, mutumin Hungary, mai zana taswirar hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya. A can ne, kafin yaƙi, son Katharine ya kama shi, alhali matar abokin aikinsa ce.

E, matar aure. Ba zan yi wa maganar kwaskwarima ba, fim ɗin ma bai yi mata ba. Mijin, Geoffrey, mutum ne mai fara'a da bai cuci kowa ba. Da ya gano, sai ya ɗauko matar a ƙaramin jirgi ya saito Almasy, wai su mutu su uku. Shi ya mutu nan take, ita ta kakkarye. Almasy ya kwantar da ita a kogo, ya bar mata fitila da littafin Herodotus da ba ya rabuwa da shi, ya yi kwana uku yana taka rairayi neman taimako. Sojojin Ingila da ya iske suna jin sunansa suka ce ɗan leƙen asirin Jamus ne, suka ɗaure shi. Da ya kuɓuta, sai ya miƙa wa Jamusawa taswirorin hamada suka ba shi man jirgi. Ya koma ya tarar rai ya yi halinsa.

Nan 'yan kallo ke neman hankici. Ni kuwa idona na kan Caravaggio, wanda Willem Dafoe ya fito a matsayinsa, mutumin da ya shigo gidan hannuwansa a naɗe. Jamusawa sun datse masa manyan yatsu biyu a wajen tuhuma, kuma ya yi imani taswirorin nan ne suka ja masa. Ga kuma Madox, aminin Almasy, da ya harbe kansa da ya ji abin da abokinsa ya aikata. Almasy na kwance yana tuna wuyan Katharine da guguwar yashin da ta tsare su cikin mota, Caravaggio na zaune a gefen gadon yana tuna ranar da aka danne masa hannu a kan tebur. Minghella ya haɗa su a ɗaki ɗaya bai bar hawayen ɗayan ya wanke jinin ɗayan ba. Finafinan soyayya kaɗan ne ke da wannan ƙarfin hali, yawanci da an saki kiɗa an yafe wa masoyi komai.

Inda nake da ƙorafi shi ne batun Kip, Ba'indiye mabiyin addinin Sikh da ke kwance wa Turawa nakiya, wanda Hana ta so cikin fargaba, don duk wanda ta shaƙu da shi mutuwa yake yi. Wurin da ya ɗaura mata igiya ya ɗaga ta sama a cikin coci, tana riƙe da wuta tana kallon zanen bango tana dariya, ya fi min duk abin da aka ɗauka a hamada. Amma a littafin, Kip ya juya wa Turawa baya ne ranar da ya ji an jefa bom a Hiroshima, fim ɗin kuwa ya cire wannan ɗungurungum, ya sallame shi salin-alin. Duk wanda aka kai kakansa Bama ya yi wa Ingila yaƙi zai so a ce an bar Kip ya faɗi abin da ke cikinsa.