Kafin mu ɗinka wa yaranmu kayan Sub-Zero



Shekaranjiya da yamma wani ƙanena ya same ni a shago, ya miƙo min waya ya ce, "Yaya, kalli aikinmu." Bidiyo ne na minti uku da shi da abokansa suka ɗauka a cikin duwatsu can wajen Kona. Ɗaya ya rufe fuska da shuɗin ƙyalle wai shi ne Sub-Zero, ɗayan ya sa rawaya wai Scorpion, an bi da manhajar waya an sa ƙanƙara tana fita daga tafin hannu. Na yi dariya har da ƙwalla, kuma ba ta raini ba ce, don na san inda abin ya samo asali. Burinsu su yi cikakken fim, yanzu haka suna bin yayye suna neman gudummawar hayar kyamara da ɗinkin kaya. Kafin in sa hannu a aljihu na ga gara in faɗi abin da ke raina a nan, tunda na san ba su kaɗai ke da wannan mafarkin a Jalingo ba.

Duk wanda ya tashi a garin nan lokacin da gidajen gem suke tashe ya san yadda abin yake. Ɗan ƙaramin shago, benci biyu, talabijin mai ƙeya, janareto yana kuka a baya, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Mortal Kombat muka fi bugawa, sai Street Fighter, daga baya Tekken ya zo da PlayStation. Street Fighter II na kamfanin Capcom ya fito a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba, Mortal Kombat kuma ya biyo baya a 1992. Babu wanda ya taɓa tambayar labarin waɗannan gem ɗin a cikinmu. Abin da muka sani shi ne wane maɓalli za ka danna Liu Kang ya tashi sama da ƙafa, da yadda za ka kunyata abokinka a gaban jama'a.

A nan matsalar mayar da su fim take. A gem, daɗin yana hannunka. Kai ne kake tsoro, kai ne kake kuskure, kai ne kake ramawa. Ranar da aka ce an yi fim, an karɓe abin bugawar daga hannunka an ce zauna ka kalla. To me ya rage? Jikin ɗan wasan da ke gabanka kawai. In ya iya faɗa, kuma kyamara ta tsaya ta bar ka ka gani, za ka manta ba kai ne kake bugawa ba. In bai iya ba, ko an ɗinka masa kayan da suka fi na gem ɗin kyau, kallon 'yan tashe kake yi.

Ku ɗauki Street Fighter na 1994. Sun samu Jean-Claude Van Damme a lokacin da yake ganiyarsa, mutumin da ya yi Bloodsport da Kickboxer, waɗanda muka kalla har kaset ya fara cin zare. Maimakon su bar shi ya yi abin da ya iya, sai suka mai da shi kwamandan sojoji mai jawabi da jirgin ruwan yaƙi. Ryu da Ken, waɗanda su ne ginshiƙin gem ɗin, aka mai da su 'yan damfara. Chun-Li ta zama 'yar jarida, Dhalsim ya zama masanin kimiyya a ɗakin bincike. Sunaye duk suna nan, kaya duk suna nan, gasar faɗan da aka san gem ɗin da ita ce babu. Abin da mutane suke tunawa da fim ɗin a yau shi ne Raul Julia da ya fito a bos, M. Bison, yana fama da rashin lafiya mai tsanani, ya kuma rasu kafin a saki fim ɗin. Fim ɗin faɗa ne, amma mutumin da ba ɗan faɗa ba ne ya ɗauke shi a ka.

Bayan shekara ɗaya, a 1995, Paul W. S. Anderson ya fitar da Mortal Kombat, kuma har gobe ina ganin shi ne ya fi kusa da fahimtar abin. Bai wahalar da kansa ba. Ya ɗauko tsarin da Bruce Lee ya yi amfani da shi a Enter the Dragon tun 1973: tsibiri, gasa, mugun mai masauki, kowa da dalilin da ya kawo shi. Ya ba Robin Shou, wanda ya yi shekaru yana shan duka a fina-finan Hongkong, matsayin Liu Kang. Faɗansa da Reptile, wanda kowa yake tunawa, daga baya ma aka ƙara shi bayan 'yan kallon gwaji sun nuna faɗan bai ishe su ba, kuma Shou ɗin ne ya tsara shi. Fim ɗin ya yi mako uku a sahun gaba a sinimomin Amurka. Sai ga na biyunsa a 1997, Annihilation, an sauya yawancin 'yan wasan, an cusa duk wani mai suna a gem ɗin ko da zai fito na minti ɗaya ne ya mutu, aka rufe da dodannin kwamfuta waɗanda ko a wancan lokacin dariya suke ba mu a gidan kallo.

Sauran da suka biyo baya ba sai na daɗe a kansu ba. DOA a 2006, labarin Chun-Li a 2009, duk sun wuce ba wanda ya waiwaya. A fim ɗin Tekken abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, wato Lateef Crowder da ya fito a Eddy Gordo, saboda shi da gaske ɗan kafuwera ne, wasan faɗan nan na Burazil mai kama da rawa, kuma ana gani a jikinsa.

Na 2021 ma haka. Ku tambayi duk wanda ya kalla wane wuri ya fi so, zai ce muku farkon fim ɗin, inda Hiroyuki Sanada da Joe Taslim suka gwabza a wani ƙauyen Japan na da can. Sanada ya fara fim ɗin faɗa tun yana matashi, Taslim kuwa ɗan wasan judo ne da ya wakilci Indonesiya shekara da shekaru kafin ya shiga fim. Daga nan sai aka kawo wani sabon jarumi, Cole Young, wanda babu shi a gem ɗin, aka cika wurin da wuta da walƙiya, gasar kanta ma ba a yi ta ba har aka tashi. A gefe guda, iyaye su sani wannan na 2021 ba irin na 1995 ba ne: ana tsaga mutum biyu a nuna ƙarara, kuma yana yawo a wayoyin yara 'yan firamare.

To in masu miliyoyin daloli suna faɗuwa duk lokacin da suka dogara da kaya da dabarun kwamfuta, ƙanena da wayarsa da manhajar kyauta ina za su? A wannan fagen ba za su taɓa kamo Amurkawa ba. Ƙari a kan haka, Mortal Kombat yana da mai shi. Kamfanin Warner Bros. ya saye shi tun 2009. Wasa a TikTok wani abu ne, amma ranar da ka ce za ka sayar da fim mai Sub-Zero a ciki, ka taɓa dukiyar wani, kuma ana iya sauke maka aikin da ka zuba kuɗin yayyenka a kai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk tsarin da ya sa muka so waɗannan gem ɗin muna da shi a gida, a filin dambe. Mutum biyu a tsakiyar da'ira. Turmi uku. Hannu ɗaya a naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan a buɗe shi ne garkuwa. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, haka ma ake faɗa, kisa. Kowane ɗan dambe da laƙabinsa da kirarinsa da kiɗansa, kalangu yana tashi tsikar jikinsa tana tashi. Ga ɓangarori masu tsohuwar gaba, Kudu da Arewa da Guramada, kamar yadda gem ɗin yake da gidan Sub-Zero da gidan Scorpion. Ga tarihi na mutane irin su Shago da Ɗandunawa, wanda Ɗan Anace ya sa ko wanda bai taɓa shiga gidan dambe ba ya san sunan Shago. Waɗanda suka ƙirƙiri Mortal Kombat sai da suka zauna suka ƙago duk wannan. Mu gado muka yi.

Da na faɗa masa haka sai ya ce, "Yaya, Sub-Zero duniya ta san shi, wa zai kalli dambe?" Tambaya ce mai kyau. Amma kafin Tony Jaa ya yi Ong-Bak a 2003, mu nawa ne a nan muka san damben Tailan na gwiwa da gwiwar hannu? Kafin The Raid a 2011, wa ya san silat na Indonesiya? Waɗannan fina-finan ba su da kuɗin Hollywood. Mutanen da suka iya faɗan ƙasarsu suka samu, suka ajiye kyamara ta nuna su daga kai har ƙafa ba tare da yanke-yanke ba. A fim ɗin The Raid ɗin nan ne ma duniya ta fara ganin Joe Taslim, har ya kai ga sa rigar Sub-Zero bayan shekara 10. Kuma bidiyon damben Dei-Dei da na Kano da ake ɗorawa a YouTube, ku leƙa ku ga yarukan da ake sharhi da su a ƙasa.

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Ɗan dambe ya saba ya kai naushi ya sauka a jiki, koya masa ya kai ya tsaya kafin ya taɓa fuska aiki ne na makonni, kuma dole a biya shi lokacinsa, don yawancinsu da abin suke ci. Akwai kuma iyaye da malamai da ba sa son dambe saboda layu da camfe-camfen da ke tattare da shi da kuma raunin da ake ji, ba kuma za a ce ba su da hujja ba. Sai dai wannan saɓanin shi kansa labari ne. Yaro ɗan mahauci da ubansa ya bar dambe bayan ya ji wa wani mummunan rauni, ya hana ɗan ɗaure hannu, ɗan kuma kiɗan yana kiransa. Wannan kaɗai ya fi duk abin da aka rubuta wa Cole Young nauyi.

Na ce masa gudummawata tana nan, amma ba ta ɗinkin shuɗin ƙyalle ba ce. Su je mahauta su yi sallama da dattawan wurin, su tambayi waɗanda suka taɓa ɗaure hannu, su samo mutum biyu da mai kalangu ɗaya, su ɗauko min turmi ɗaya tak, minti biyu, kyamara a tsaye. In na kalla ban ɗauke ido ba, kuɗin hayar kyamarar kwana uku a wuyana. Ya yi shiru yana juya wayar a hannu, sannan ya ce sai ya yi shawara da abokinsa, don shi Scorpion ɗin ya riga ya ba tela kafin alƙalami.