Agogon da ke Gadin Taga

A Amurka akwai gidajen abinci da ba sai ka sauka daga mota ba. Ka faɗi abin da kake so ta lasifika, ka matsa gaba, a miƙo maka ta taga. McDonald's ya buɗe tasa tagar ta farko a 1975 a garin Sierra Vista, jihar Arizona, saboda sojojin wani bariki da aka hana sauka daga mota cikin gari da kakin aiki.

Yanzu da daƙiƙa ake auna saurin ma'aikata. Akwai waya binne ƙarƙashin kwalta, mota na hawa kanta agogo zai soma ƙirga. In lokaci ya wuce, allon kicin ya koma ja, ma'aikaci ya sha faɗan manaja.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mota agogon yake gani, ba mai jin yunwa ba. In abinci bai kammala ba, sai a ce wa direba ya matsa gefe ya jira. Agogo ya tsaya, lissafin manaja ya yi kyau, bawan Allah kuwa yana zaune yana kallon waɗanda suka zo bayansa suna wucewa da ƙunshinsu.