Sarkin Bai Mukhtar Adnan da Gidan Dambazawa

Kwanan baya a Kwanar Dangora, muna jiran mota, gardama ta tashi tsakanin wani dattijo da wani saurayi ɗan makaranta. Saurayin ya ce tun da aka sauke marigayi Alhaji Mukhtar Adnan daga hakimcin Dambatta, ai ya rasu ba shi da sarauta ke nan. Dattijon ya fusata, amma ya kasa kawo hujja. Na yi alkawari zan warware zancen a wannan fili, ga shi kuwa.

Abin da ya ruɗe yaron shi ne bai san abu biyu ne mutumin nan ya riƙe ba. Na ɗaya hakimci, wato riƙon ƙasa da talakawanta, wanda hukuma ke bayarwa, ta kuma karɓe in ta ga dama. Na biyu Sarkin Bai, sarautar gidan Dambazawa, zuriyar Malam Dabo Dambazau, ɗaya daga cikin malaman da suka yi jihadi a ƙasar Kano. Gidaje huɗu ne ke zaɓen Sarkin Kano: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, sa'an nan Sarkin Dawaki Mai Tuta daga zuriyar Malam Jamo Basulluɓe. Mu mutanen Kiru bai kamata a koya mana wannan ba, gama Sulluɓawa sun zauna a ƙasarmu tun kafin jihadi.

An haifi Mukhtar Adnan a 1926, aka naɗa shi Sarkin Bai a 1954, a farkon zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, yana saurayi bai cika shekara 30 ba. Ya zauna majalisar wakilai a Ikko kafin soja su karɓi mulki a 1966. Da aka yanka Jihar Kano a 1967, shi ne Gwamna Audu Bako ya ba riƙon ma'aikatar ilmi. Amma a ganina aikinsa mafi nauyi shi ne na ɗakin zaɓe. A 1963 kaɗai sau biyu aka bukace shi, aka naɗa Muhammadu Inuwa, bai daɗe ba ya rasu, aka naɗa Ado Bayero. Bayan shekara 51, a 2014, ga shi nan dai da rawaninsa cikin waɗanda suka zauna kan zancen Muhammadu Sanusi na biyu. Wa kuka sani da ya ga irin wannan?

To, a 2019 gwamnati ta raba masarautar Kano kashi biyar. Mu nan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa muka wayi gari ƙarƙashin Rano, Dambatta kuwa ta faɗa Bichi. Sarkin Bai da sauran masu zaɓen sarki suka kai ƙara kotu, bai kuwa kai caffa Bichi ba. Kafin shekarar ta fita aka sauke shi daga hakimci, yana da shekara 93. Ni dai ban ga kyawun wannan ba, ko da wace hujja aka yi shi. Duk da haka ba wanda ya iya cewa ba shi ne babban Dambazawa ba.

Irin wannan ta faru a Sikotilan, can arewacin Ingila. Bayan yaƙin 1746 hukuma ta karɓe ikon shari'a daga hannun shugabannin dangogi, amma har yau dangi da yawa suna da shugabansu, wanda 'yan'uwansa na Amurka da Kanada ke girmamawa, ko da ba ya mulkin ƙauye guda.

Alhaji Mukhtar ya rasu a watan Disamba 2021, shekara 67 da naɗinsa, Allah ya jiƙansa. Aka naɗa ɗansa Dokta Mansur Mukhtar, wanda ya taɓa riƙe ministan kuɗi na Nijeriya, a matsayin Sarkin Bai. A 2024 kuma aka soke dokar nan ta 2019, ƙasashenmu huɗu suka komo Kano. In saurayin nan na Kwanar Dangora ya karanta wannan, ina roƙonsa ya nemi dattijon ya ba shi haƙuri.

Naku,
Mutumin Kiru